Almakashin mai kundi: nazari kan sake tace katunan wasan Magic

A shekarar 1993 ne kamfanin Wizards of the Coast na ƙasar Amurka ya fitar da wasan karta mai suna Magic: The Gathering, wanda masanin lissafi Richard Garfield ya ƙirƙiro, masu jin Faransanci kuma suka san shi da sunan Magic: l'Assemblée. Abin da ya raba shi da kartar da aka saba gani shi ne katunansa ba su da adadi tsayayye. Kowace shekara ana buga sababbi, har yawansu ya haura iri 20,000. An kasa su launi biyar: fari, shuɗi, baƙi, ja da kore. Kowane ɗan wasa yana farawa da maki 20 na rai, galibin katunan kuma suna da farashin kuzari da sai an biya kafin a ajiye su a tebur. Wanda ya ƙarar da ran abokin karawarsa shi ya ci.

Daga cikin hanyoyin buga wasan akwai wadda za a iya kira ɗauki-ka-miƙa. A tsarin da aka daɗe ana bi, mutum 8 ne ke kewaye tebur, kowa da ƙunshi 3 na kati 15. Kowa zai buɗe ƙunshinsa, ya ɗauki kati guda, ya miƙa sauran ga na kusa da shi, haka har katunan su ƙare. A ƙarshe kowa yana da kati 45, daga ciki ne zai tsamo kimanin 23 ya haɗa da katunan ƙasa masu ba da kuzari, ya cika 40 da zai yi wasa da su. Masoya wasan ne da kansu suka ƙago wata al'ada a kan wannan: maimakon sayen sababbin ƙunshi daga kamfani, mutum zai tara katunan da ya zaɓa, kowanne kwaya ɗaya tak, ya riƙa cakuɗa su yana rabawa duk ranar da abokai suka taru. Wannan tari shi suke kira kub. A Hausa kalmar kundi ta fi dacewa da shi, domin aikin mai shi bai bambanta da na mai tattara zaɓaɓɓun rubuce-rubuce a littafi guda ba. Mafi ƙanƙantar kundin da zai ishi mutum 8 shi ne mai kati 360.

Wahalar mai kundi takan fara ne bayan ya gama haɗa shi. Tun da adadin gurabe tsayayye ne, duk sabon katin da ya shigo sai wani ya fita. Don haka akan ga masu kundi lokaci-lokaci suna zama su sake duba abin da suka zaɓa a baya. Ma'aunin da suke amfani da shi a wannan zama shi ne abin da ya cancanci nazari, domin shi ke nuna ko kundin nasu ne ko kuwa na wani.

Ma'auni na farko, wanda ya fi yaɗuwa, shi ne ƙarfi. Serra Angel ta 1993 tana cin kuzari 5, tana da ƙarfin sara 4 da juriya 4, tana kuma tashi sama. A 2009 aka buga Baneslayer Angel a kan farashi guda, da sara 5 da juriya 5, ga ƙarin baiwar maido wa mai ita rai gwargwadon ɓarnar da ta yi. Jackal Pup na 1997 yana cin kuzari 1, amma duk raunin da aka yi masa sai ya koma kan mai shi. Ragavan, Nimble Pilferer na 2021 yana da farashi da ƙarfi iri ɗaya, ba shi da wannan aibi, yana ma ba mai shi damar amfani da katin abokin gaba. Idan ƙarfi kaɗai ake bi, hukuncin ya yanke kansa tun kafin a zauna. To, a nan aibin yake. Kamfanin, wanda ya koma hannun Hasbro tun 1999, yana da dalilin kasuwa na sa sabon kati ya burge fiye da tsoho. Mai kundin da ke musanya kowane kati da wanda ya fi shi ƙarfi ya miƙa almakashinsa ga kamfani ba tare da ya sani ba, kuma bayan ƴan shekaru kundinsa zai yi kama da na kowa.

Ma'auni na biyu shi ne sabo, kuma Hausawa sun riga sun faɗi abin da sabo yake ga wawa. Akwai masu riƙe Shivan Dragon, dodon 1993 mai cin kuzari 6, don kawai da shi suka fara wasa suna yara. A cikin kundin da aka cika da katunan zamani masu sauri, irin wannan kati yakan zagaya tebur ba wanda ya taɓa shi, har ya faɗa hannun na ƙarshe bisa tilas. Gurbinsa ya zama kushewa, ƙunshin mai kati 15 ya koma mai 14. Tsufa ba laifi ba ne. Lightning Bolt, Counterspell da Swords to Plowshares duk ƴan 1993 ne, suna nan daram a kundaye masu yawa saboda har yanzu suna aiki. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai wadda ba ta lalace ba.

Ma'aunin da ya fi waɗannan biyu inganci shi ne tambayar abin da kati ke jawo wa mutanen da ke zaune a tebur: yana buɗe musu ƙofar shawara ko yana rufe ta? Fact or Fiction na shekarar 2000 misali ne mai kyau. Mai shi yana buɗe kati 5 daga saman tarinsa, abokin gaba ya kasa su kashi biyu, shi kuma ya zaɓi kashi guda. Dukansu biyu sai sun yi tunani, kuma kowa na iya kuskure. Akasin haka shi ne True-Name Nemesis na 2013, wanda aka tsara don wasan mutane da yawa: yana da kariya daga ɗan wasa guda da mai shi ya ambata. Inda abokan gaba uku ne, wannan ƙaramin al'amari ne. A karawar mutum biyu kuwa, galibin katunan ɗayan ba sa iya taɓa shi. Haka Oko, Thief of Crowns na 2019, mai mayar da mafi kyawun halittar abokin gaba wata dabbar dawa maras baiwa, wanda kamfanin da kansa ya haramta a gasar sababbin katuna cikin watan Nuwamba na shekarar. Irin waɗannan katuna suna cin wasa, sai dai wanda aka ci ba ya tashi da wani darasi, wanda ya ci ma ba shi da abin alfahari.

Mai karatu na iya kawo hujja da Vintage Cube na dandalin Magic Online, wanda ya fara gabatar da wasan kundi a 2012. Kundi ne mai kati 540 da ke ɗauke da Black Lotus, katin da ba ya cin komai amma yana ba da kuzari 3, da Sol Ring da makamantansu, ga shi kuma yana da farin jini ƙwarai. Hujjar tana da nauyi. Amsar ita ce wannan kundi ya yi alkawarin wuce gona da iri tun daga farko, kuma yana cika alkawarin ga kowa: duk wanda ya zauna yana da rabonsa na abin mamaki. Kundin talakawan katuna da ake kira Pauper ya yi wani alkawarin daban, na fafatawa a hankali. Sol Ring a cikin na farko ɗan gida ne, a cikin na biyu kuwa kura ce a garken awaki. Ashe kati ba shi da daraja shi kaɗai, sai gwargwadon maƙwabtansa.

Akwai kuma dabarar gudun hukunci da masu kundi da yawa ke yi: idan sun kasa cire kati, sai su faɗaɗa kundin. Lissafi ba ya goyon bayansu. A kundi mai kati 360 kowane kati yana fitowa a kowane zama. A mai 540 kashi biyu cikin uku ne ke fitowa, a mai 720 kuwa rabi. Wannan ya fi cutar da katunan da ba su da amfani sai da abokin haɗi, kamar Splinter Twin na 2010, wanda ke cin wasa nan take idan aka ɗora shi a kan Pestermite. Damar fitowar wasu katuna biyu tare ba ta kai rabi ba a kundi mai 540, a mai 720 kuma kusan ɗaya ce cikin huɗu. Wanda ya ɗauki rabin haɗin da fatan samun ɗayan yakan tashi hannu wofi. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Saboda haka sake tace kundi aiki ne na saurare kafin ya zama na almakashi. Mai kundi nagari yakan lura da katin da kullum shi ne na ƙarshen ɗauka, da wanda ake ɗauka amma ba a sa shi cikin 40, da launin da mutane ke gudu, da katin da idan ya sauka hira ta mutu a tebur. Waɗannan shaidu sun fi jerin sunayen da ake yaɗawa a intanet, domin daga mutanensa suka fito. Idan Serra Angel tana haifar da kyakkyawar fafatawa a teburinsa, yana da ikon barin ta ya kuma sallami duk abin da ke danne ta. Kamfani ne ke buga katuna, amma mutum 8 da suka ba da yammacinsu su ne masu hakki a kan kundin, kuma a gabansu ne mai shi zai kare kowane gurbi daga cikin 360.