Jinjina ga Ma'abota Dakon Sassan Mota

Duk wanda ya ga mota sabuwa fil tana ratsa babbar hanyar Nima a Accra, galibi injiniya yake yaba wa, alhali kuwa kafin a ɗaure ƙusa ɗaya sai wani bawan Allah ya kai kowane sashe inda ake bukatarsa a daidai lokacinsa. Tun da Henry Ford ya kafa layi mai tafiya a Amurka a 1913, har lokacin haɗa mota ya sauko daga sa'a goma sha biyu zuwa kimanin sa'a ɗaya da rabi, aka ga muhimmancin jigila a sana'ar nan.

Da Volkswagen ya soma haɗa motoci a Accra a 2020, Toyota kuma a Tema a 2021, sai wannan hidima ta zo ƙofar gidanmu: direban motar ɗaga kaya yana fitar da akwatuna daga kwantena, mai sarrafa ƙugiya yana sauke inji bisa firam cikin natsuwa, domin gafala ta ƙiftawar ido takan tsayar da layi ko ta raunata ɗan'uwa. Haka kuma 'yan turin amalanke na kasuwar Abossey Okai, waɗanda ke kai injuna da giyabos wurin makanikai da ƙarfin damtsensu.

Jama'ar Nima da Maamobi, neman halal ibada ne. Mu girmama waɗannan mutane, mu biya su hakkinsu ba tare da jinkiri ba.