Kalmar "Jinsi" da Kayan da Aka Ɗora Mata a Muhawarar Haƙƙin Mata

Duk mai sauraron gidajen rediyo na Hausa, ko mai halartar tarurrukan wayar da kai a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, ya saba da jin "daidaiton jinsi". Masu fassara sun ɗauki kalmar jinsi sun aza ta a gurbin "genre" ta Faransanci, wadda ke cikin sunan manufar ƙasa da gwamnatin Nijar ta amince da ita a 2008. Ra'ayinmu a wannan sharhi shi ne, fassarar ta sauƙaƙa wa mai fassara aikinsa, amma ta bar mai sauraro cikin ruɗu, kuma mata ne ke biyan kuɗin wannan ruɗu.

Jinsi aro ce daga Larabci, kuma ma'anarta ta asali ita ce iri ko nau'i, kamar a "jinsin mutane da aljannu". Daga baya masana nahawu suka keɓe ta ga bambancin namiji da tamace, wato abin da ke raba kai da ke, shi da ita, bambancin da ke ɓacewa a jam'i. Ma'ana ta uku ita ce ta ma'aikatan raya ƙasa, masu nufin rabon ayyuka da matsayi da al'umma ke yi tsakanin maza da mata. Ta huɗu kuwa ta yaɗu ta kafofin labarai: "auren jinsi", wanda ya cika kunnuwa lokacin da Najeriya ta kafa dokar hana shi a 2014, da kuma "sauya jinsi" na muhawarar Turai da Amurka. To, idan malamin yaƙi da jahilci ya ce jinsi yana nufin ta uku, wa ya tabbatar masa cewa mai unguwa bai ji ta huɗu ba?

Tarihin ƙasarmu ya nuna amfanin kiran abu da sunansa. A ranar 13 ga Mayu 1991 mata suka yi jerin gwano a Yamai, domin mace ɗaya tak aka sa a kwamitin shirya babban taron ƙasa. Buƙatarsu a fili take, kujeru suke nema, aka kuwa ƙara mata biyar. Haka dokar kaso ta watan Yuni 2000, wadda ta tanadi aƙalla kashi 10 cikin 100 na kujerun zaɓe da kashi 25 na manyan naɗe-naɗe ga kowane ɓangare, maza ko mata. Majalisar 1999 mace ɗaya gare ta cikin wakilai 83, ta 2004 kuwa mata 14 cikin 113. A 2019 aka ɗaga kason zuwa kashi 25 da kashi 30. Kaso da kujera kalmomi ne da ƴar kasuwa ke iya ƙirgawa da yatsunta.

Ba mu ce kalma ce tushen kowane saɓani ba. Lokacin da majalisar dokoki ta ƙi amincewa da yarjejeniyar Maputo a watan Yuni 2006, gardamar ta shafi abubuwa na haƙiƙa, irin su shekarun aure da rabon gado, kuma babu fassarar da za ta kawar da ita. Sai dai gardama a kan gado tana da iyaka, malamai da masana shari'a sun san inda za su zauna su tattauna ta. Gardama a kan jinsi kuwa ba ta da bakin zare, domin kowa da abin da ya ji, har maganar sa yarinya makaranta ta ɗauki zargin da ba nata ba.

Wannan sakaci ya shafi wasu kalmomin. "Ƴanci" kishiyar bauta ce, saboda haka "ƴancin mata" kan faɗa wa kunnen magidanci kamar an ce matarsa baiwa ce da za a ƙwace. "Haƙƙi" kuwa abu ne da ake bin mutum, wanda ya danne shi kuma ya san akwai hisabi. Haka nan kamfani mai zaman kansa abin yabo ne, alhali "mace mai zaman kanta" zagi ce. Mai fassarar da bai auna wannan ba ya ɓata wa ƙungiyar mata suna da bakinsa. Ta ɗaya gefen kuma, Hausa na da tsofaffin kalmominta, irin su ɗan daudu da mata-maza, kuma ba su yi daidai da rukunonin muhawarar Turai ba. Littafin Rudolf Gaudio na 2009 kan ƴan daudun Kano ya isa shaida a kan na farko. Cusa su duka cikin buhun jinsi kuskure ne na ilimi, yana kuma iya jawo wa mutane cutarwa.

Tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, wannan magana ta wuce ajin yaƙi da jahilci, ta kusanci teburin alƙali. Bisa ga haka muke ba da shawara uku. A bar wa nahawu jinsi. A littattafan karatun manya a fayyace abin da ake nufi, a ce "rabon aiki tsakanin maza da mata" ko "haƙƙin mace a gona da gado", ko da jimlar ta yi tsawo. Sa'an nan kada a buga sabuwar kalma sai an gwada ta a karkarar Gobir, Adar da Damagaram, an tambayi maza daban, mata daban, abin da suka fahimta, an kuma rubuta amsoshinsu.