Wankan Jego da Zuciyar Mai Jego: Nazari a Kan Al'ada da Binciken Likitoci

Gabatarwa

A ƙasashen Madawa, Buza da Keita na jihar Tawa a Nijar, kamar sauran ƙasar Hausa, ranar da mace ta sauka ake ɗora tukunyar wanka, kuma ba a sauke ta sai an yi arba'in. Wannan al'ada ta daɗe a bakin likitocin zuciya na duniya, domin ƙasar Hausa na cikin wuraren da aka fi samun wani ciwo da ke kama mace a ƙarshen ciki ko a watannin farko bayan haihuwa. Naman zuciya ne ke saki, ta kasa tura jini yadda ya kamata, ruwa ya taru a huhu da ƙafafu. A Turai da Amurka, idan ciwon ya ƙi jin magani, dashen zuciya ake yi wa matar. A nan kuwa sau da yawa sai dai a ce jego ne ya zo da gardama. Nazarin nan zai bi diddigin yadda aka tuhumi wankan jego da jawo wannan ciwo, da yadda binciken baya ya sake duba shari'ar, sannan ya auna abin da ya kamata a riƙe da wanda ya kamata a bari.

Yadda al'adar take

Tushen wankan jego shi ne tsoron sanyi. A ganin tsofaffi, jikin mai jego ɗanye ne, ƙofofinsa a buɗe, idan sanyi ya shige ta zai zame mata kumburi da ciwon gaɓoɓi har tsufa. Maganin ɗanye kuwa wuta. Safe da yamma uwar mai jego, ko gwaggonta, ko ungozoma, za ta tsoma damin ganyen darbejiya ko na tsamiya ko runhu cikin ruwan da ya tafasa, ta riƙa fyaɗa mata a baya da ciki da cinyoyi har tururi ya turnuƙe makewayi. Tana fitowa kwanon kunun kanwa na jiranta, ga gasasshen nama da yajin jego, ga ƙauri ranar suna. A wasu gidajen har gadon ƙasa ake ginawa, a zuba garwashi a ƙarƙashi, ta kwanta ta gasu. Mai haihuwar fari, wadda takan koma gaban iyayenta, wankanta yakan zarce arba'in.

Itacen wanka nauyin miji ne, kuma a wannan yanki na Adar ba ƙaramin nauyi ba ne. Ƙarancin itace da zaizayar ƙasa ne suka sa aka fara dasa layukan darbejiya a kwarin Majiya a 1975, aka kuma buɗe babban aikin farfaɗo da ƙasa na Keita a 1984. Gidan da ya yarda ya ƙone itacen kwana arba'in a irin wannan wuri ya nuna matsayin al'adar a wurinsa.

Akwai kuma abin da masu sukar al'adar kan manta. Cikin kwanakin nan ne kaɗai mace a ƙauye take hutawa da daka da ɗebo ruwa da aikin gona. A nan ne ake ba ta nama ita kaɗai, a nan ne kuma wata babbar mace ke ganin jikinta tsirara sau biyu kullum. A yankin da maza da yawa ke tafiya cin rani su bar mata da ɗawainiyar gida, wannan hutu da wannan sa ido ba abin wasa ba ne.

Tuhumar da ta taso daga Zariya

Likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ne suka fara kai maganar gaban duniya. Farfesa Eldryd Parry, wanda ya koyar a Zariya daga 1969 zuwa 1977, da abokin aikinsa Davidson, sun ga masu jego na cika ɗakunan kwanciya da haki da kumburi. A 1974 suka wallafa bayani a mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya, a 1978 kuma suka fitar da cikakken rahoto a kan mata 224. Sun ƙiyasta cewa cikin haihuwa ɗari a wajen Zariya ana samun kusan mace ɗaya da ciwon, sun kuma lura cewa marasa lafiyar sun fi yawa a watannin zafi da damina.

Hujjarsu mai shiga hankali ce. Kanwa gishiri ce, gishiri kuwa yana riƙe ruwa a jiki, jini ya ƙaru. Zafin wanka da na gado yana buɗe jijiyoyin fata, dole zuciya ta ƙara gudu. An haɗa wa zuciyar da ta gama wahalar wata tara kaya biyu a lokaci guda. A 1979 Sanderson da abokan aikinsa suka ƙara ƙarfafa wannan ra'ayi, inda suka nuna cewa da yawa daga cikin matan zuciyarsu ba ta lalace ba, ruwa ne ya yi mata yawa.

Tasirin waɗannan rubuce-rubuce ya yi nisa. Shekara da shekaru, duk littafin ilimin zuciya da ya zo kan wannan ciwo sai ya ambaci Hausawa da kanwarsu. Sai dai binciken yana da rauninsa. A wancan zamani na'urar hoton zuciya, wadda a Nijar ake kira eko, ba ta wadata ba, don haka an haɗa masu hawan jini da masu tarin ruwa da masu ainihin sakin naman zuciya a kwando ɗaya. Sannan al'adar da kusan kowace mace ke yi ba ta isa ta bayyana dalilin da ya sa ɗaya ta kamu, casa'in da tara suka tsira ba.

Abin da Yamai da Sakkwato da Kano suka ƙara

A babban asibitin Yamai, likita Arnaud Cénac da Ali Djibo da abokan aikinsu suka ɗauki wata hanyar. A 1992 suka auna jinin masu jego masu ciwon da na masu lafiya, suka tarar da ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin marasa lafiyar. Wannan sinadari daga ƙasa yake shiga hatsi, kuma an riga an san rashinsa na lalata zuciya, kamar yadda aka gani a gundumar Keshan ta ƙasar Sin. Daga nan hankali ya fara tashi daga tukunyar wanka ya koma kan tukunyar tuwo.

A 2007 Isezuo da Abubakar suka ba da rahoto daga Sakkwato, maƙwabciyar jihar Tawa ta kudu: mace ɗaya cikin haihuwa 102. Babban aikin kuwa daga Kano ya fito, a hannun Farfesa Kamilu Musa Karaye na Jami'ar Bayero da asibitin koyarwa na Aminu Kano, wanda ya jagoranci rajistar PEACE a asibitoci 22 na Najeriya. Rahoton 2020 ya ƙunshi mata 406 masu ciwon da 99 masu lafiya, an kuma tabbatar da ciwon da na'ura. A arewa maso yamma an samu mace ɗaya cikin haihuwa 96. Abubuwan da suka fito a matsayin haɗari su ne rama, da rashin karatun boko, da rashin sana'a, da hawan jinin ciki. Wankan ruwan zafi da kunun kanwa da kasancewa Bahaushiya ko Bafulatana ba su tsaya a matsayin dalili ba. Rahoto na biyu a shekarar ya bi mata 244, ya tarar kusan ɗaya cikin biyar ta rasu cikin kimanin wata 17, waɗanda zuciyarsu ta warke sarai kuma ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba.

Shi ma wannan hukunci a karanta shi da lura. Cewa kanwa ba ita ta haifar da ciwon ba daban ne da cewa ba ta cutar da wadda zuciyarta ta riga ta raunana. Kuma duk waɗannan alƙaluma na matan da suka isa manyan asibitocin birni ne. Macen da ta kwanta a wani ƙauye bayan duwatsun Keita, wadda amalanke ne motarta zuwa gidan likita, ba ta cikin lissafin.

Dashen zuciya da nisansa

A Afirka aka fara dasa wa mutum zuciyar mutum. Christiaan Barnard ne ya yi aikin a asibitin Groote Schuur na Cape Town ranar 3 ga Disamba 1967, mara lafiyar ya rayu kwana 18. Hanyar ɗinkin kuwa Norman Shumway da Richard Lower na Jami'ar Stanford ne suka shimfiɗa ta tun 1960 da gwaji a kan karnuka. Aikin bai zauna da gindinsa ba sai da maganin saikulosforin, mai hana jiki ƙin baƙuwar zuciya, ya shiga hannun likitoci a farkon shekarun 1980.

Dashe galibi yana buƙatar wanda ƙwaƙwalwarsa ta mutu alhali na'ura na riƙe da numfashinsa, da danginsa da suka yarda, da hanyar kai zuciyar cikin awa huɗu zuwa shida, da magani mai tsada har ƙarshen rai. Ba a yin sa a Nijar. A Kano ma dashen ƙoda ake yi tun 2002, ba na zuciya ba. Ga matar Buza, ƙofar da ake buɗe wa takwararta ta Jamus a rufe take, saboda haka duk begenta yana ga kama ciwon da wuri.

Ko sabon maganin da aka samo yana da nasa ƙulli. A 2007 Denise Hilfiker-Kleiner a Jamus ta nuna cewa wani ɓangare na sinadarin da ke kawo ruwan nono yana iya cutar da zuciya, a 2010 kuma Karen Sliwa ta gwada maganin da ke tsayar da shi a kan mata 20 a Soweto, aka ga alamun nasara. Amma maganin yana ƙafar da nono. A Madawa, inda tamowa ke cika ɗakin yara na asibiti duk damina, ƙafar da nonon uwa na iya zama ceton rai ɗaya da sayar da ɗaya. Abin da aka gano a Jamus ba ya shiga Adar sai an sake auna shi da ma'aunin Adar.

Kammalawa

Idan aka tattara, wankan jego ba shi ne uban ciwon ba, amma yana iya zama mai ƙara masa itace. Haɗarin gaske yana wurin fassara alamu. Mai jego ta fara haki, ta kasa kwanciya sai a zaune, tari ya hana ta barci, ƙafafunta su kumbura har idan aka danna ƙwaurinta da yatsa ramin ya zauna. Tsohuwa ta duba ta ce sanyi ne, wankan bai kama ba, a ƙara wuta, a ƙara kanwa. Nan ne al'ada ke kisa, domin abin da matar ke buƙata a ranar shi ne akasin haka: a janye gishiri, a auna jininta, a ba ta maganin da zai fitar da ruwan ta fitsari, da masu sauƙaƙa wa zuciya aiki. Waɗannan magunguna ba su da tsada, kuma ba sai an je Yamai ba. Asibitocin Madawa da Buza da Keita, da na Galmi da ke aiki tun 1950, da babban asibitin Tawa, su ne matakin farko.

Saboda haka a riƙe hutun arba'in, a riƙe naman da kulawar. A sassauta zafin ruwa, a bar gadon wuta, a rage kanwa, wadda kuma aka taɓa samunta da hawan jini a lokacin ciki kada ta sha ko kaɗan. Wadda ciwon ya taɓa kamawa kada ta sake ɗaukar ciki sai likita ya duba zuciyarta, kuma wannan magana da maigida za a yi ta, a ƙasar da ƙididdigar 2012 ta nuna mace na haihuwar 'ya'ya fiye da bakwai.

Darajar mai bincike ba ta tsaya ga yawan mujallun da suka ambaci sunansa ba. Aikin Parry da Cénac da Karaye zai cika ne ranar da sakamakonsa ya fito da Hausa a rediyon karkara da bakin ma'aikatan awon ciki. Kira ga hukumomin lafiya na jihar Tawa shi ne su tara ungozomomi da iyaye mata masu yin wankan, su koya musu alamun nan huɗu. Su ne ke ganin mai jego safe da yamma, su ne kuma za su fara cewa a ɗauke ta zuwa asibiti yau, ba gobe ba.