Mai Aski Da Almakashinsa: Sharhi A Kan Fim Ɗin "Shoah"

Cikin finafinan da aka yi don adana abin da tsofaffin Yahudawa suka gani a sansanonin 'yan Nazi, a zamanin da aka hallaka Yahudawa kimanin miliyan 6, babu wanda ya kai "Shoah" na Claude Lanzmann, Bafaranshen nan da ya rasu a 2018, jawo gardama. Fim ne mai tsawon awa 9 da rabi, ya ɗauki shekara 11 ana aikinsa, ya fito a 1985. Mun ga ya dace 'yan'uwa marubuta su san shi, musamman masu niyyar zuwa gaban tsoho da rakoda don ɗaukar tarihi.

Abin da zai fara ba mai kallo mamaki shi ne babu tsohon hoto ko ɗaya a ciki. Ba tarin gawarwaki, ba Hitila yana jawabi. Sai fuskokin mutane suna magana, sai kuma filaye da dazuzzuka da layin dogo kamar yadda suke shekara 30 da wani abu bayan yaƙi. An ce gani ya kori ji, amma nan ji ne aka ɗora wa kayan duka. Fim ɗin ya buɗe da Simon Srebnik, wanda aka kai sansanin Chelmno a Folan yana ɗan shekara 13. A can ana kashe mutane ne da hayaƙin mota a cikin motoci rufaffu. Masu gadi kan sa yaron ya yi musu waƙa a cikin kwalekwale, daga baya a 1945 suka harbe shi a ka, bai mutu ba. Lanzmann ya mai da shi kogin, ya sake yin waƙar, sannan ya tsaya a fili mai ciyawa yana nuna inda ake ƙona gawa. Shirun wurin ya fi kowane hoto nauyi.

To, amma inda muke son mu daɗe shi ne wajen Abraham Bomba, mai askin da aka tilasta wa yanke gashin mata a Treblinka kafin a kashe su. Lokacin da aka ɗauke shi ya riga ya bar sana'a. Lanzmann ya samo shagon aski a Isra'ila, ya ba shi almakashi, ya zaunar da wani a kujera, ya ce ya riƙa aski yana ba da labari. Da farko muryar Bomba a bushe take, kamar mai karanta takarda. Hannu na aiki, baki na zuba. Da ya zo kan wani abokin aikinsa wanda matarsa da 'yar'uwarsa suka shigo ɗakin, sai magana ta yanke. Ya yi ta goge fuska, ya roƙi a ƙyale shi. Lanzmann ya ƙi, ya matsa masa har ya ƙarasa.

A nan ne ra'ayi ya rabu. Wasu sun ce rashin tausayi ne, an mai da baƙin cikin dattijo abin kallo, kuma shagon ma shiri ne. Mu a ganinmu shirin bai zama ƙarya ba, domin ba a ƙara wa labarin komi ba. Almakashin ne ya tono abin da tambaya kaɗai ba za ta tono ba, wato hannu ya tuna abin da baki ya saba tsallakewa. Bomba ya rasu a 2000. Da an kashe kyamara a wannan minti, da matan nan biyu sun tafi ba wanda ya ji labarinsu. Duk da haka ba mu ce kowa ya kwaikwaya ba. Lanzmann ya zauna da mutumin ya san labarinsa tun kafin ranar ɗauka. Wanda ya zo jiya ba shi da wannan hurumi.

Akwai wuraren da ba za mu iya kare shi ba. Muryar mata ta yi ƙaranci ƙwarai, alhali ya ɗauki hirarsu. Sai a ƙarshen rayuwarsa ya fitar da ta mata 4 a wani fim daban. Haka Jan Karski, ɗan saƙon Folan da ya shiga unguwar Yahudawa ta Warsaw a ɓoye: an nuna abin da ya gani, aka yanke inda ya kai labarin ga Shugaba Roosevelt na Amurka a 1943, sai a 2010 wannan ɓangare ya fito. Ashe mai tace fim ma yana da almakashi. Game da ɓoye kyamara da ya yi wa Franz Suchomel, tsohon mai gadin Treblinka, bayan ya yi masa alkawarin ba zai ambaci sunansa ba, mun bar wa mai karatu hukunci, ko da yake ba mu ji tausayin mutumin ba.

A 1994, bayan fim ɗinsa "Schindler's List", Steven Spielberg ya kafa gidauniyar da ta ɗauki hirar mutum sama da 50,000. Aiki ne babba, ya ceci muryoyin da yanzu yawancin masu su sun kwanta dama. Sai dai wannan rumbu ne, mai bincike ke shigarsa. Lanzmann kuwa ya zaɓi mutane kaɗan, ya jera su, ya bar har jinkirin tafinta a ciki, ta yadda mai kallo zai ji amsar manomin Folan da harshensa, ya ga fuskarsa, ya jira kafin ya san abin da ya ce. Wanda ba shi da awa 9 ya nemi ko da ɓangaren Bomba ne, ya lura da inda almakashin yake tsayawa.