Littafin Graham a Hannun Ɗan Koyo

Duk wanda ya ce zai fara sayen hannun jari, littafin da ake fara miƙa masa shi ne The Intelligent Investor na Benjamin Graham, wanda ya fito a Amurka a 1949. Masu saurarona sun sha tambayata ko ya isa ya koya wa mutum auna lafiyar kamfani. A ganina yana gyara halin mai saye sosai, amma karatun lissafin kamfani sai an nemo shi a wani wuri.

Ƙarfinsa yana babi na 8. A nan Graham ya siffanta kasuwa da wani abokin ciniki mai zuwa ƙofarka kullum: yau zumuɗi ya ɗebe shi ya tsawwala farashi, gobe ya karaya ya karyar. Babu tilas ka saya ko ka sayar masa. Wanda ya taɓa zuwa kasuwar raguna ana jibi Sallar Layya, ya kuma koma da yammacin jajibiri, ya san wannan mutumin. Babi na 20 ya ɗora da cewa ka saya ƙasa da ƙimar da ka auna, domin ko lissafinka ya goce, ratar ta kare ka.

Matsalar tana babi na 14, inda ya jera sharuɗɗa. Kadarorin kamfani masu saurin zama kuɗi su ninka bashin da zai biya nan kusa sau biyu. Ya yi shekara 10 bai yi asara ba, ya yi 20 yana raba riba. Farashin hannun kada ya wuce ninki 15 na matsakaicin ribarsa ta shekara uku. Rariya ce mai kyau ga wanda ke da ɗaruruwan masana'antu a gabansa. Mu kuwa a Nijar kasuwarmu ita ce BRVM ta Abijan, wadda ƙasashe takwas masu kuɗin sefa suka yi tarayya a kanta tun 1998. Kamfanonin cikinta ba su kai hamsin ba, kuma da yawansu bankuna ne, har da BOA na Nijar. Sharaɗin ninki biyu ba ya aiki a kan banki, tunda ajiyar jama'a ita ce bashinsa, kuma da ita yake sana'a. Ɗan koyon da ya bi jerin ido rufe zai watsar da bankin kirki, bai kuma koyi duba rancen da ya maƙale a hannun masu karɓa ba, alhali nan ciwon banki yake.

Giɓi na biyu ya fi damuna. Graham ya rasu a 1976, kafin a wajabta wa kamfanonin Amurka fitar da takardar shige da ficen tsabar kuɗi yadda aka san ta yau. Don haka littafin ya fi dogara da riba da kadara. Amma kowane ɗan tireda a Maraɗi ya san ana iya cin riba a littafi, aljihu kuwa wayam, in duk kayan bashi aka ɗauka. Kamfani ma haka ne. Idan riba tana hawa, tsabar kuɗin da sana'ar ke kawowa tana sauka, akwai magana.

Ga kuma shawararsa ta ajiye aƙalla kashi 25 cikin ɗari na dukiya a takardun lamuni masu kuɗin ruwa. Mafi yawan masu bugo mini waya ba za su taɓa wannan ba, littafin kuma bai ba su madadi ba.