Su Wa Ake Ƙirgawa a Gari? Tarken Wasan "Our Town" na Thornton Wilder

Manufar wannan 'yar maƙala ita ce duba yadda Thornton Wilder ya zana rayuwar ƙaramin gari a wasan kwaikwayonsa "Our Town", wanda aka fara nunawa a 1938, ya kuma sami lambar yabo ta Pulitzer a wannan shekara. Garin, wato Grover's Corners, ƙagagge ne. Marubucin ya aza shi a jihar New Hampshire ta Amurka, tsakanin 1901 da 1913.

Ta fuskar zubi da tsari, wasan kashi uku ne: rayuwar yau da kullum, sai soyayya da aure, sannan mutuwa. Dandamalin kusan wayam yake, daga tebura da kujeru sai tsani biyu. Wannan salo ya tilasta wa mai kallo ya zuba ido kan ƙananan al'amura: mai kawo madara, yaro mai raba jarida, uwaye mata a madafa. Sa'ad da tauraruwar wasan, Emily, ta rasu wajen haihuwa, aka ba ta damar komawa ranar da ta cika shekara 12. A nan ta gane cewa masu rai ba sa tsayawa su dubi juna. Jigon ke nan, ya kuwa fito sarai.

Sai dai abin da Emily ta hango a gidansu ya shafi garin dungurungum. Da Farfesa Willard ya tashi ba da tarihi, ya fi daɗewa kan shekarun duwatsu. 'Yan asalin ƙasar kuwa a taƙaice ya ambace su, a matsayin waɗanda suka shuɗe. Haka kuma tagwayen da aka haifa a unguwar 'yan Poland, ƙetaren layin dogo, sun ɗaga yawan jama'a daga 2,640 zuwa 2,642, amma ba a kai mu unguwar ba ko sau ɗaya. Shi ma Simon Stimson, shugaban mawaƙan coci, kowa ya san giya na cinsa, aka kawar da kai har ya rataye kansa.

A ganina, Wilder ya fallasa wannan kawar da kai a kan Stimson, amma game da 'yan ƙetaren dogo shi kansa ya afka cikinsa. Saboda haka duk matashin marubucin da zai ɗauki alƙalami a kan mahaifarsa, ya kamata ya tambayi kansa: wa na ƙirga, wa kuma na bari ya yi magana?