Kwaikwayon Ba'a da Harshen Damo a Fim ɗin *Airplane!*

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda za ta yi tsokaci a kan *Airplane!*, fim ɗin barkwanci na Amurka wanda Jim Abrahams da David Zucker da Jerry Zucker suka rubuta, suka kuma ba da umarni. Kamfanin Paramount ya fitar da shi a 1980. A Faransa an san shi da suna *Y a-t-il un pilote dans l'avion ?* Manufar takardar ita ce nuna wa ɗalibi yadda harshe ke haifar da raha, da irin wahalar da mai fassara ke sha a kanta.

2.0 Tushen Labari

A shekarun 1970, fina-finan haɗarin jirgin sama sun yi tashe, musamman *Airport* na 1970 da waɗanda suka biyo bayansa. Su ne *Airplane!* yake yi wa ba'a. Sai dai ƙashin bayan labarinsa daga *Zero Hour!* na 1957 aka ɗauko shi. Jirgi ya tashi daga Los Angeles zuwa Chicago, matuƙa da wasu fasinjoji suka ci kifi ya ɓata musu ciki. Dole ta sa Ted Striker, tsohon matuƙin jirgin yaƙi mai tsoron tuƙi, ya karɓi jirgin. Labarin na tashin hankali ne, kuma marubutan sun bar shi yadda yake, suka cusa masa shirme.

3.0 Salo

Babbar dabarar fim ɗin ita ce ɗaure fuska. An zaɓo Leslie Nielsen da Robert Stack da Lloyd Bridges da Peter Graves, waɗanda masu kallo suka saba gani a matsayin dattawa marasa wasa. Suna furta wauta ba tare da ko murmushi ba, kuma daga wannan saɓani dariya ke fitowa. Ya bambanta da salon ƴan camama irin na marigayi Rabilu Musa Ibro, inda shiga da murya kan sanar da mai kallo tun farko cewa wasa ake yi.

Dabara ta biyu ita ce magana mai harshen damo. Likitan da Nielsen ya fito a matsayinsa ya ji kalmar *surely*, wato "tabbas", ya ɗauka an kira shi da sunan mace, Shirley. Haka sunayen matuƙan, Oveur da Roger da Victor, suna karo da kalmomin da ake amfani da su a rediyon jirgi. Ta uku ita ce ɗaukar adon magana a zahirinsa. An ce Striker yana da matsalar sha, sai aka nuno shi yana kai kofi baki yana kuskurewa, ruwa na zubo masa a fuska. Tamkar dai a ce wani ya tafi cin kasuwa, a nuno shi yana tauna rumfa.

4.0 Matsalar Fassara

Tuntuɓe da faɗuwa ba sa buƙatar tafinta, amma rahar *surely* takan mutu da zarar an fassara ta kalma da kalma. Mafita ita ce a nemo tagwan kalmomi a Hausa, kamar *gari* na zama da *gari* na tuwo, waɗanda tsawon wasali ke rarrabewa, a gina sabuwar raha a kansu. A nan mai fassara yana sadaukar da ma'ana don ya ceci dariya.

5.0 Rauni

Fim ɗin bai rasa aibi ba. Fitowar da aka nuna wata ƙagaggiyar ƙabilar Afirka ana koya mata ƙwallon kwando ta dogara ne a kan tsohon kallon raini da Turawa ke yi wa baƙar fata. Akwai kuma kalaman batsa da ba su dace da yara ba. Malamin da zai yi amfani da shi a aji sai ya zaɓi fitowar da zai nuna.

6.0 Kammalawa

An kashe kimanin dala miliyan 3.5 wajen shirya fim ɗin, ya samo fiye da miliyan 80 a Amurka da Kanada. A 2010 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa shi cikin fina-finan da ake adanawa. Darasinsa ga ɗalibin harshe shi ne, wanda bai san ƙa'idar magana ba, ba zai iya karya ta har a yi dariya ba.